Labari a Bakin Waƙa: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini a Kaduna

Na daɗe ina koyar da Hausa a Kaduna, kuma duk zangon da muka iso kan adabin baka, tambayoyin nan ne ke dawowa. Wasu daga ɗalibai masu rubuta kundi, wasu daga samarin da ke shiga situdiyo suna son waƙarsu ta ɗauki labari, wasu kuma daga iyayen da suka farga cewa 'ya'yansu ba su san tatsuniya ko ɗaya ba. Na tattara su wuri guda, na fara da masu sauƙi. Kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata na nuna lambarta.

1. Me ake nufi da a ce waƙa tana ba da labari? Ai kowace waƙa magana ce.

Magana ce, amma ba kowace magana ce labari ba. Labari yana son wanda abu ya sama, da abin da ya same shi, da abin da ya biyo baya. Akwai waƙar da ke bin wannan tiryan-tiryan: mawaƙi ya ce ya tashi daga gari kaza, ya sauka wurin wane, aka yi masa kaza, ya wuce gaba. Mamman Shata gwani ne a nan, har mutum kan bi tafiyarsa gari-gari kamar da shi aka shiga motar. Akwai kuma wadda ba ta jera komai, nuni kawai take yi. Ta ambaci suna, ta ambaci wani fage, ta jefa karin magana, ta bar mai sauraro ya haɗa sauran.

Ta biyun ta fi yawa a wurinmu, kuma ita ce ake yi wa kuskuren cewa ba ta da labari. Tana da shi, sai dai rabinsa na bakin mawaƙi, rabi na kan mai ji. Kusan duk amsoshin da ke ƙasa a nan suka rataya, musamman ta 4.

2. Me ya sa ake saka waƙa a tsakiyar tatsuniya?

Duk wanda kakarsa ta yi wa tatsuniya a tsakar gida bayan isha ya san inda muryarta ke canjawa. An faro da "ga ta nan, ga ta nanku", yara sun amsa "ta zo mu ji ta", labari na tafe da baki, sai a kai inda marainiya ta tsaya bakin rafi, ko inda dodo ya zo ƙofa yana kwaikwayon muryar uwa. Nan magana ba ta isa, sai waƙa. Ka lura, ba ko'ina take faɗowa ba. Tana zuwa ne inda ake roƙo, ko kuka, ko tonon asiri. Tsuntsun da ya ga abin da aka yi a daji ba ya faɗa da baki, rerawa yake yi, kuma sai ya maimaita kafin mutanen gari su farga.

Waƙar tana hana yara gyangyaɗi, tunda su ne 'yan amshi. Tana kuma auna tafiyar labari, domin duk dawowarta haɗarin ya ƙara matsowa. Amma babban aikinta riƙo ne. Mai tatsuniya na iya manta ko Gizo ne ya fara isa ko kura, waƙar kuwa ba ta ɓacewa, in ta dawo kuma sai ta jawo sauran. Na sha gwadawa: ka tambayi dattijuwa wata tatsuniya ta ce ta manta, ka rera mata layi ɗaya, sai ta ɗauka ba ta tsaya ba har "ƙurunƙus".

3. Yaya aka gina waƙar baka, kuma a ina labarin yake zama a cikinta?

Makaɗi galibi ba shi kaɗai yake ba. Akwai shi jagora, akwai 'yan amshi, akwai masu kiɗa, sau da yawa kuma akwai sanƙira mai tsarma kirari da ƙarin bayani a tsakani. Waƙar tana da gindi, wato 'yan kalmomin da ake komawa gare su a kai a kai, tana kuma da ɗiya, waɗanda jagora ke ɗorawa. Gindi ne ke gaya maka wa ake yi wa waƙar da matsayinsa. Ɗiyan su ne ke ɗauke da aukuwa: wani ɗa ya kawo asalin gwarzon, wani ya kawo ranar da ya yi bajinta, wani ya juya kan abokin hamayya, wani ya tuna kyautar doki ko riga.

Abin da ke rikita ɗalibai shi ne ɗiyan ba su da jeri tabbatacce. Makaɗi na iya rera waƙa yau a Zariya, gobe a Kaduna, ya sauya jerin, ya zubar da wasu, ya ƙara sababbi saboda wani babban mutum ya shigo fage. Don haka in ka sami faifai biyu na waƙa ɗaya sun bambanta, kada ka ce ɗaya na asali ɗaya jabu. Kowace rerawa da ranarta da mutanenta. Rubutacciyar waƙa ba haka take ba, duba ta 6.

4. Ina jin daɗin waƙoƙin fada, amma ba na gane labarin da ke ciki. Me ya sa?

Ba laifin kunnenka ba ne. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ba baƙi suke yi wa waƙa ba. A gaban sarki da fadawa da 'ya'yan sarki suke rerawa, mutanen da sun riga sun san wa ya nemi sarauta bai samu ba, wa ya kai ƙara wurin Razdan, wato Baturen mulki na lardi, wa aka tuɓe, wa ke jiran gado. A irin wannan zama ba sai an kama suna ba. Makaɗi ya ce giwa, kowa ya san sarki ne. Ya ce ga wani mai ƙaton ciki can yana ƙulle-ƙulle, fada ta ɗauki dariya, don mutumin na zaune a wurin, ko ɗan'uwansa. Wannan shi ne zambo. Habaici ya fi shi ɓuya: a jefi mutum da magana ba tare da an siffanta shi ba, wanda ya tsargu ya san da shi ake.

To, shekara sittin, saba'in sun shuɗe. Fadawan sun rasu, rikicin ya mutu, waƙar ta rage a kaset da waya. Kai da ka ji ta a cikin keke tsakanin Kawo da Kasuwar Barci, daɗin kotso da zaƙin Hausa kake ji, labarin kuwa na kulle kamar adakar da aka yar da mabuɗinta. Ga kuma karin harshe: waɗannan makaɗa da Hausar Sakkwato da Zamfara suke waƙa, kalmomi da dama ba ma faɗarsu a nan.

Abin nan yana damuna ƙwarai. Muna ta murna an adana waƙoƙin, alhali murya kawai aka adana. Mabuɗin na hannun tsofaffin da suka ji labarin daga iyayensu, kuma kullum raguwa suke yi. In kana da irin wannan dattijo a gida, tsallaka zuwa tambaya ta 14 tun yau.

5. Za a iya kafa hujja da waƙa a binciken tarihi?

Za a iya, in an san irin shaidar da take bayarwa. Makaɗi ba alƙali ba ne. Yana da ubangida, ubangidan ke ba shi doki da hatsi, ba zai taɓa cewa ubangidansa ya ja da baya a fage ba. In ya ce mutum dubu suka taru, ka fahimci jama'a da yawa. Amma akwai abin da ba ya iya sauyawa a gaban waɗanda suka sani: jerin iyaye da kakanni, sunayen garuruwa da sarautu, wa ya gaji wa. Kirarin Sarauniya Amina, 'yar Bakwa ta san rana, ya riƙe sunanta haɗe da na Bakwa Turunku ɗaruruwan shekaru a bakin mutanen da ba su taɓa buɗe littafin tarihi ba.

A tarihin kusa kuwa, waƙa na ba ka abin da takarda ba ta bayarwa, wato yadda abu ya ji a jikin mutane. Lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, makaɗa da marubuta sun yi ta yi wa soja waƙa ana sakawa a rediyo. Da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, da kuma aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo a 1973, waƙa na cikin abin da aka wayar da kan jama'a da shi. Takardar gwamnati za ta ba ka ranar, waƙar ta nuna maka abin da ake tsoro da abin da ake yi wa dariya. Mai bincike ya aza su kusa da juna ya karanta.

6. Rubutacciyar waƙa fa? Da me ta bambanta?

Marubuci na zaune ne da alƙalami, yana auna kari da amsa-amo, baiti-baiti, ƙwar biyu ko ƙwar biyar. Yana da sararin jera labari daga farko har ƙarshe, in ya gama kuma ta zauna yadda ya bar ta. Wannan hanya ta yi ƙarfi tun zamanin jihadi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara labarin hijirar mahaifinta da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya a waƙe, kuma da waƙa ta koyar da matan karkara ta hannun 'yan taru, su haddace su kai gida.

Mu ma a ƙasar Zazzau muna da namu. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda ya hau gado a 1903, daga baya Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja, mawaƙi ne na gaske, kuma ya iya habaici ga masu yi masa zagon ƙasa. Ka ga ke nan ko sarki, in magana ta yi nauyi, waƙa yake ba ajiya. Sai Aliyu Namangi mai Imfiraji, makaho, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa. Shi ya nuna mini cewa iyakar da muke shatawa a allo tsakanin rubutacciya da ta baka ba ta da kauri. Da ka ya tsara, wasu suka rubuta, makafi da almajirai suka ɗauka suna rerawa ƙofa-ƙofa, har wanda bai san sunansa ba ya san baitocinsa.

Ita ce kuma amsata ga iyayen da ke ɗari-ɗari da kalmar waƙa gaba ɗaya. Hukunci na malamai ne, ba nawa ba. Amma tarihin Manzon Allah (SAW) da yawancinmu muka fara sani, a waƙe muka ji shi, a bakin iyayenmu mata da masu bege.

7. Kiɗa kaɗai, ba tare da baki ba, yana iya faɗin wani abu?

Yana iyawa, ga wanda ya san harshen. Hausa tana da hawa da saukar murya, kalangu kuma ana matse igiyoyin jikinsa a hammata a sassauta, sai ya bi hawa da saukar magana. Abin da yake faɗa shi ne take, 'yar gajeriyar jimla da aka san mutum ɗaya ko sana'a ɗaya da ita. Mahauta na da nasu, kalangu ma tun asali nasu ne. Maƙera na da nasu, manoma a gayya na da nasu. Ɗan dambe ya ji takensa, tsikar jikinsa ta tashi, ya shigo fage yana kirari, yana lissafa waɗanda ya kayar da garuruwan da aka yi. Wannan kirarin tarihin rayuwarsa ne a dunƙule, kuma shi ya tsara abinsa.

A fada kuwa, tambari da kakaki ba a taɓa su don kowa. In ka je hawan salla a Zariya, kada dawaki su ɗauke maka hankali duka, ka kasa kunne. Kowace tawaga da kiɗanta, jerin da suke bi kuma yana faɗin wa ke gaba da wa. Kaduna ta ga irin wannan a babba, kamar hawan daba na 1956 da aka yi wa Sarauniyar Ingila, da na bikin FESTAC a 1977, inda masarautu suka zo kowace da kayanta da makaɗanta.

8. Duk sunayen da ake kawowa na maza ne. Ina mata?

Suna ciki tsundum, sai dai fagensu ba a cika kai masa na'urar ɗaukar murya ba. Waƙar niƙa, waƙar daka da lugude, waƙar reno, gaɗar 'yan mata a dandali, waƙoƙin kamu da na kai amarya. Matar da kunya ta hana ta faɗa wa uwar miji ko kishiya abin da ke ranta, sai ta durƙusa kan dutsen niƙa ta rera shi. Duk gidan na ji, ba kuma mai cewa ta yi rashin kunya, ai waƙa take yi. Zaman aure, kewar gida, ɗan farin da ba a faɗin sunansa, duk suna ciki.

Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta fito da kiɗan ƙwarya na amada daga cikin gida zuwa bainar jama'a, tana yi wa mata zancen sana'a da haihuwa da kishi da irin bakinsu. Amma irinta da aka ɗauka a faifai 'yan kaɗan ne. Injin niƙa ya shigo unguwa, dutse ya koma bayan ɗaki, waƙarsa ta bi shi. Ba cewa nake a koma niƙa da hannu ba, wahala ce iyayenmu suka sha. Cewa nake a karɓi waƙar daga bakinsu tun suna nan.

9. Tashe wasan yara ne kawai, ko shi ma ba da labari ne?

Wasan kwaikwayo ne cikakke, ba sai an jira dandamali da labule ba. Daga goma ga watan azumi yara ke fita bayan shan ruwa. Wani ya sa gemun auduga da tsumma ya dogara sanda ya zama tsoho, wani ya zama mai magani yana jero itatuwa da saiwoyi, 'yan mata su yi na zaman aure, 'yan amshi na biye. Kafin ka ankara an nuna wani hali, an yi masa dariya, an karɓi sadaka, an wuce gida na gaba. Gwauro ma ba ya tsira. 'Yan kama kuwa manya ne, suna kwaikwayon malamai, sai dai karatun nasu duk na tuwo da miya ne.

Har yanzu ana tashe a unguwanni irin su Tudun Wada da Rigasa, amma ya ragu, iyaye da yawa ba sa barin yara su yi nisa da dare. Abin da na fi lura da shi, yaran sun riƙe amshin sun saki wasan. Sai ka ga an tsaya a ƙofa ana buga galan ana jiran kuɗi, ba shiga, ba kwaikwayo. Malaman firamare za su iya gyara wannan cikin mako guda kafin azumi in sun sa kansu.

10. Kaduna ba tsohuwar masarauta ba ce. Me ta ƙara a wannan fage?

Haka ne. Gari ne da ya tashi da jirgin ƙasa da barikin soja, ya zama hedikwatar Arewa a 1917 bayan an taso daga Zungeru. Ba ta da makaɗan fada na gado irin na Zariya ko Katsina. Abin da ta yi shi ne ta ba kowa murya. Da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a 1962, wanda rediyonsa muke kira Rediyon Tarayya Kaduna a yau, makaɗin da a da sai ka je garinsu za ka ji shi, sai ga shi a akwatin rediyo har Nijar da Kamaru da Gana.

Wannan ya taɓa yadda ake ba da labarin kansa. Makaɗin da ya san baƙi ke jin sa dole ya rage nuni ya ƙara bayani, akasin abin da na faɗa a ta 4. Ɗan Maraya Jos ne misalin da na fi so: shi kaɗai da kuntiginsa, ba 'yan amshi, yana ba da labarin karen mota da talaka da zaman aure yadda kowa zai gane ko daga ina yake.

Sai wasan kwaikwayo. A Kaduna Usman Baba Pategi, wanda shi kansa ya yi soja, ya yi Samanja mai cakuɗa Hausa da Turancin bariki. A nan Kasimu Yero ya yi suna, a nan kuma aka mai da Magana Jari Ce na Abubakar Imam wasan talabijin. Wanda ya girma a shekarun 1980 ya san yadda gida ɗaya mai talabijin ke cika da yaran unguwa har ƙofar zaure.

11. Zane da ɗinki da gini ba su da baki. Yaya za su ba da labari?

Ba sa ba da irin na "sai ya tashi, sai ya tafi". Suna faɗin wane ne, daga ina, mai wane matsayi. Babbar riga mai aska takwas ta riga ta gaya maka wani abu game da mai ita kafin ya buɗe baki, da kuma watannin da maɗinki ya yi a sunkuye a kanta. Zanen da magina ke yi a fuskar soro a birnin Zariya, dagi da 'yan'uwansa, shelar wadatar mai gida ce. A wasu gidajen har keke da mota aka zana, bango ya riƙe zamanin da waɗannan suka zama abin alfahari. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, wanda wani sashensa ya rufta a 2023, bakan gizon rufinsa kaɗai ya isa ya gaya maka inda ilimin magina ya kai a lokacin. A Zariyar dai, a 1958, wasu ɗaliban zane, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya a kan cewa a koma ga tatsuniyoyi da zanen gida a haɗa da abin da aka koya a aji.

Jiharmu kuma tana da misalin da ya fi kowanne tayar mini da hankali. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, da aka fara tonowa a wajen haƙar kuza a kudancin Kaduna, sun haura shekara dubu biyu. Je gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu ka tsaya gaban ɗaya. Ga gyaran gashi, ga ido a buɗe, ga baki kamar zai yi magana. Masu shi sun san ko wane ne, sun san abin da ake faɗa a kansa, amma ba wanda ya rage da zai gaya mana. Abin da na ce game da waƙar fada a ta 4, can ya nufa in aka yi sakaci.

12. Waƙoƙin fim da na situdiyo sun kashe wannan al'ada ne?

Sun canja ta, ban yarda sun kashe ta ba. Tun da finafinan bidiyo suka kankama a Kano a 1990, waƙa ta zama wurin da saurayi da budurwa ke faɗin abin da kunya ba ta bari su faɗa a zance. Wannan ba baƙon abu ba ne, aikin da waƙa ke yi ke nan a tatsuniya (ta 2) da kan dutsen niƙa (ta 8). Salon rawar dai daga finafinan Indiya aka ɗauko, ba mai musun wannan, mun kuwa daɗe muna kallonsu a silima.

Ƙorafina yana kan waƙar da za ka cire daga wannan fim ka liƙa a wancan ba abin da ya ragu. Waƙar da ba ta matsar da labari ko taku ɗaya ba, cikon lokaci ce. Fiyano da kwamfuta kuma sun sa yaro ɗaya a ɗaki yana yin abin da a da sai mutum goma, amma sun raba shi da 'yan amshi masu rai, da jama'ar da za su nuna masa nan take cewa wannan ɗan waƙar bai shiga ba. Duk da haka, cikin samarin Kaduna masu gambarar zamani, wato rap, na ji waɗanda ke ba da labarin unguwa, da rashin aiki, da shaye-shaye, da yadda gari ya rabu gida biyu bayan rikicin 2000, da gaskiyar da mu manya muke kauce wa.

13. Ina so in yi waƙa mai labari. Ta ina zan fara?

Fara da mutum ɗaya da rana ɗaya. Kada ka ce za ka yi waƙa a kan talauci ko zaman lafiya, waɗannan kanun lacca ne. Ɗauki masaƙun Kakuri. Ta farko ta fara aiki a 1957, dubban mutane suka ci abinci a wurin, daga baya aka rufe su ɗaya bayan ɗaya. In ka ce masana'antu sun durƙushe, ba wanda zai ji komai a ransa. Amma ɗauki dattijo ɗaya da har yau yake farkawa a lokacin da jiniya ke kira, ya zauna bakin gado ba inda za shi. Ga gindi ya fito:

Jiniyar Kakuri ta yi shiru,
Ni ko har yau ina tashi.

Daga nan kowane ɗa ya ɗauki abu guda da ido ke gani: keken da ya saya da albashin farko, atamfar da ya sa a lefe wadda a gabansa aka buga ta, katin aikin da ke ƙasan akwati, jikarsa da ke tambaya me ya sa yake ajiye shi. Kada ka ce wa mai ji ya yi baƙin ciki. Duk dawowar gindin zai ƙara nauyi da kansa, kamar waƙar tatsuniya a ta 2.

Sannan ka san wa kake yi wa. In 'yan Kakuri da Makera ne, nuni ya isa, sun san sauran. In kana so na nesa su ji, ka ba baƙo abin da zai kama. Rera wa mutum biyar kafin ka shiga situdiyo, kada ka tambaye su ya suka ji, dubi fuskarsu. Kuma kada ka ɗauki karin waƙar wani ka ɗora naka ba izini. In tsohuwar waƙar gargajiya ce, faɗi inda ka samo ta.

14. Ina zan sami tsofaffin waƙoƙi, kuma yaya zan karɓi bayaninsu daga dattawa?

Na rubuce, fara da Arewa House, tsohon gidan Sardauna da ke titin Rabah, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa reshen Kaduna, da kundayen ɗaliban Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka rubuce waƙoƙin makaɗa da dama. Na murya kuwa, akwai gidajen rediyo, da masu tura waƙa a waya a kasuwa, da YouTube. Sai dai ka yi hattara, sunayen waƙoƙi da na makaɗa a intanet sau da yawa a cakuɗe suke.

Abin da ya fi wuyar samu shi ne bayanin. Je wurin dattijon da ƙafarka, ba aike ba, da ɗan goro ko abin da ya sauwaƙa. Gaisa sosai tukuna. Nemi izini kafin ka kunna waya, ka faɗi abin da za ka yi da muryar. Kada ka ce, "Baba, a ba ni tarihi," zai ce ba shi da shi. Kunna masa waƙar ka bar ta ta yi tafiya, in ka ga ya murmusa ko ya girgiza kai sai ka tsayar: "Baba, da wa ake a nan?" Wurin tsohuwa kuma ka ce, "Iya, wace waƙa kuke yi in za a kai amarya a garinku?" In ta ce ta manta, rera mata abin da ka sani ko da ba daidai ba, gyaran da za ta yi maka shi ne farkon waƙar. Mata sun fi sakin jiki in mace ce ke tambaya, don haka tafi da ƙanwarka, ko ka ba ta wayar ka koma zaure.

In ka dawo, rubuta sunan wanda ya faɗa, da garinsu, da ranar, da wurin wanda shi ya ji. Kalmar da ba ka gane ba kada ka mai da ta Hausar makaranta, rubuta ta yadda ka ji, ka koma ka tambaya. Ajiye kwafi a wuri biyu tun a daren. Ni na taɓa ɗaukar gwaggona tana rera waƙoƙin niƙan garinsu kusan awa uku, aka sace wayar a tasha, kafin in sake komawa Allah ya yi mata rasuwa, baiti biyu kawai na riƙe da ka. Kwafi na uku kuma ka kai wa mai muryar, ko ka tura wa jikokinsa.